Gidan Rayner na Chicago: Yadda Shirya Gawa Ya Zama Sana'ar Gado a Wurin Baƙaƙen Fatar Amurka

A ranar 2 ga Satumba, 1955, jirgin ƙasa ya shigo Chicago ɗauke da wani ƙaton akwatin katako da hukumomin jihar Mississippi suka garƙame suka buga wa hatimi. A cikinsa akwai gawar Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka yi wa kisan gilla a jihar. An miƙa akwatin ga A.A. Rayner, mai gidan shirya gawa a kudancin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, kuma an miƙa masa ne da sharaɗi ɗaya: kada a buɗe. Mahaifiyar yaron, Mamie, ta ce ba ta san wannan zance ba. Ta gaya masa in ba zai buɗe ba, ya miƙo mata guduma ta fasa da hannunta. Rayner ya buɗe.

Bahaushen da ya ji wannan labari zai fara tsayawa ne a kan wani abu dabam. Wane ne kuma mai gidan shirya gawa? A wurinmu mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa wanka, tela ya ɗinka likkafani, an ɗauko makara daga masallaci, an sallace shi a ƙofar gida, matasan unguwa sun riga sun isa maƙabarta da diga da shebur. Ba wanda zai miƙo maka takardar kuɗi. Ko masu haƙa kabari, waɗanda a garuruwa da yawa su ma gadon aikin suka yi daga iyayensu, abin da aka ba su na alheri shi suke karɓa. Saboda haka jin cewa wani iyali ya shekara saba'in da ɗoriya yana cin abinci daga suturta matattu yakan yi wa kunnenmu nauyi. Ni ma ya yi mini. Amma tarihin irin waɗannan gidaje ya nuna mini cewa kuɗi ba shi ne gaba ɗayan zancen ba, kuma ba a fahimtar abin da Rayner ya yi a ranar nan sai an san daga inda sana'ar ta taso.

Har tsakiyar ƙarni na 19, Amurkawa ma a gida suke shirya mamatansu. Mata su wanke gawa, a shimfiɗe ta a falo, kafintan gari ya haɗa akwati, mai keken doki ya kai ta maƙabarta. Shi ya sa idan ka bi asalin tsofaffin gidajen jana'iza na ƙasar, mafi yawansu za ka tarar kakan farko ko dai kafinta ne ko mai hayar dawaki. Abin da ya sauya komai shi ne yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, wanda ya ci rayuka sama da 600,000. Samari suna mutuwa a fagen daga mai nisan ɗaruruwan mil daga garinsu, iyaye suna son a kawo musu gawa, jiragen ƙasa kuma suna ƙin ɗaukar gawar da ta fara wari. Sai wasu likitoci da masu haɗa magunguna suka riƙa bin sansanonin soja suna tsane jinin gawa ta jijiya, su ɗura mata maganin hana ruɓewa, a biya su. Cikin waɗanda suka koyi aikin a lokacin har da wani bawa mai suna Prince Greer a birnin Nashville, wanda ake ɗauka shi ne baƙar fata na farko da ya ƙware a kai.

Sai kuma aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilun 1865. An yi wa gawarsa wannan magani, aka sa ta a jirgin ƙasa daga Washington ranar 21 ga Afrilu, ana tsayawa birni birni ana buɗe akwati jama'a suna kallo, ba ta isa garinsa Springfield ba sai 3 ga Mayu. Dubban ɗaruruwan mutane sun ga fuskar mutumin da ya yi kwanaki da mutuwa tana nan kamar mai barci. Daga nan al'adar ta kama. Da zarar kuwa shirya gawa ya koma aikin da ke buƙatar sinadarai da kayan aiki da ilimin jikin ɗan Adam, to ya fita daga hannun matan gida. Jihohi suka fara neman lasisi, aka buɗe makarantu, a 1882 masu sana'ar suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Gawa ta bar falon gida ta koma wani gini na musamman.

Wannan shi ne labarin Amurka baki ɗaya. Na baƙaƙen fata yana da wani tushe da ya girmi wannan, kuma ya fi shi ɗaci.

Tun zamanin bauta jana'iza take da nauyi na daban a wurinsu, domin kusan ita ce kaɗai damar da suke samu su taru su kaɗai. Da rana suna gona, sai dare suke binne nasu da fitilun itace. Iyayen gijinsu sun san haɗarin haka. A 1680 majalisar Virginia ta yi doka wadda a cikinta ta ambaci taruwar bayi a wajen biki da binne gawa a matsayin abin tsoro. Ko wurin binnewar ma a ware yake. A 1991 masu tona harsashin wani ginin gwamnati a New York suka ci karo da tsohuwar maƙabartar 'yan Afirka, wadda aka yi a bayan gari saboda an hana su ta cikin gari. An tono ƙasusuwan mutum 419, aka yi bincike a kansu, sannan a 2003 aka mayar da su ƙasa a cikin akwatunan da aka sassaƙa a Ghana. A imanin bayi da yawa, mutuwa komawa gida ce, ruhu zai haye teku ya koma ƙasar da aka sato shi. Har yau jikokinsu da sunan komawa gida suke kiran jana'iza, ko da yake gidan yanzu a bakin mafi yawansu yana nufin lahira.

Idan aka riƙe wannan a zuciya, sai a gane dalilin da ya sa abu na farko da 'yantattun baƙaƙen fata suka haɗa kuɗi a kansa shi ne binne gawa. A 1787 Richard Allen da Absalom Jones suka kafa wata ƙungiyar taimakon juna a Philadelphia, kowa yana zuba ɗan abin da ya samu duk wata, kamar dai adashe, don kada ɗan uwa ya mutu a jefa shi ramin gayya, kuma a tallafi matarsa da marayunsa. Shekara shida bayan haka annobar shawara ta kashe kusan mutum 5,000 a birnin, masu hali suka gudu, 'yan wannan ƙungiya ne suka tsaya suna jinya suna kwashe gawarwaki, har da na fararen fata. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun yaɗu a coci coci bayan an soke bauta, kuma daga cikinsu ne manyan kamfanonin inshora na baƙaƙen fata suka fito.

Misalin da ya fi fito da yadda abin ke aiki shi ne na A.G. Gaston a Birmingham ta jihar Alabama. Lebura ne a kamfanin ƙarfe da kwal. Ya lura duk sanda aka yi rasuwa sai a bi ma'aikata ana roƙon kuɗin binnewa, wani lokaci ma da ƙarya. A 1923 ya kafa asusun jana'iza: ka riƙa biyan 'yan sulalla duk mako, ranar da ta Allah ta kasance shi zai ɗauki nauyin komai. Da masu zubi suka yi yawa sai ya ga bai kamata ya riƙa kai wa wasu aikin ba, shi da surukinsa suka buɗe gidan jana'iza na Smith da Gaston. Daga nan aka samu kamfanin inshora, da makarantar koyon aikin ofis, da banki, da otal. Ya rasu a 1996 yana da shekara 103, yana cikin manyan attajiran baƙaƙen fatar ƙasar. Duk wannan dukiya daga tsoron talaka na kada ya mutu a wulaƙance ta taso.

A nan wariyar launin fata ta yi wani abin da masu ita ba su nufa ba. Farar fata mai gidan jana'iza ko dai ya ƙi taɓa gawar baƙar fata, ko ya shigar da ita ta ƙofar baya ya yi mata aikin gaggawa a ɗakin ƙasa. Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa ma ta rufe wa baƙaƙe ƙofa shekaru masu yawa, har suka kafa tasu a 1924. Sakamakon haka shi ne kasuwa guda sukutum ta zama tasu su kaɗai. Malamin makaranta baƙar fata albashinsa yana hannun hukumar ilimi ta farare. Manomi yana noma gonar farar fata ne. Mai aikatau ana iya korarta yau. Mai gidan jana'iza kuwa, kamar fasto da wanzami, abincinsa daga aljihun 'yan uwansa yake fitowa. Babu farar fatar da zai iya korarsa daga aiki. A ƙasar da aka gina komai don baƙi ya kasance yana tsoron wani, wannan 'yanci ne mai tsada.

To me ya sa sana'ar ta zama ta gado? Dalilan a bayyane suke idan aka duba yadda aikin yake. Mutuwa ba ta da lokacin tashi daga ofis, don haka dole wani ya kwana kusa da wayar tarho, kuma iyalai da yawa a saman benen gidan jana'izar suke zaune. Yaro yana tasowa yana wanke motoci, yana jera kujeru, yana ɗaukar furanni, yana jin yadda mahaifinsa ke sassauta murya idan yana magana da wadda mijinta ya rasu awa biyu da suka wuce. Uwa tana riƙe da littafin kuɗi, tana gyara gashin mamata mata, da yawa daga cikin matan ma sun yi karatun sun karɓi lasisi. Jarin kuma mai nauyi ne, ga gini, ga motoci, ga ɗakin aiki, a zamanin da banki ba ya ba baƙar fata rance, sai ya zama abin da uba ya tara ba a raba shi, ɗa ne ke hawa kai. Amma babban jarin suna ne. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya da nutsuwar zagaya gari yana taya farashi. Gidan da ya binne kakarsa, ya binne mahaifinsa, can zai kira. Amana ce da ake tarawa a hankali cikin shekara arba'in, hamsin, kuma sunan iyali ne rumbun da ake ajiye ta.

Aikinsu bai tsaya ga matattu ba. Kafin a tsara motocin ɗaukar marasa lafiya na zamani, motar gawa ce kaɗai motar da mutum zai iya kwanciya a ciki a miƙe, saboda haka har zuwa shekarun 1960 kusan rabin aikin kai marasa lafiya asibiti a Amurka masu gidajen jana'iza ne ke yin sa. Su ke ba da aron kujeru idan ana biki. Maficin kwali da tsofaffin mata ke fifita da shi a coci, juya bayansa za ka ga sunan gidan jana'izar unguwa. Kalandar da ke rataye a kicin ma haka.

A cikin wannan yanayi A.A. Rayner ya buɗe nasa gidan a 1947, a kan titin Cottage Grove. Lokacin ya dace. Baƙaƙen fata suna ta ƙaura daga jihohin kudu zuwa biranen arewa, suna gudun kisan gilla da talaucin gonakin auduga, ƙaurar da ta kwashi kimanin mutum miliyan 6 cikin shekara sittin. Chicago da ke da baƙaƙe kusan 44,000 a 1910 ta kai kusan 500,000 a 1950. Waɗannan baƙin birni suna son a binne su yadda ake yi a gida, wasu ma suna barin wasiyyar a mayar da gawarsu kudu. Jirgin ƙasan da ya kawo su da rai shi ke mayar da su a akwati. Gawar Emmett Till ta bi hanyar ne a juye.

Yaron haifaffen Chicago ne, ya je hutu wurin danginsa a Mississippi. Aka ce ya yi wa wata farar mace fito a wani kanti a ƙauyen Money. Cikin daren 28 ga Agusta mijin matar, Roy Bryant, da ɗan uwansa J.W. Milam suka zo da bindiga suka ɗauke shi daga gidan danginsa. Bayan kwana uku aka tsamo gawarsa daga kogin Tallahatchie, an ɗaure masa fankar injin gurzar auduga a wuya da waya mai ƙaya, an yi masa dukan da ya rugurguza fuskarsa, an harbe shi a kai. Da zoben mahaifinsa da ke yatsansa aka fara gane shi. Shugaban 'yan sandan yankin ya so a binne shi nan take a can, har an fara haƙa kabari, dangi suka tsaya kai da fata sai an kai wa uwarsa. Hatimin da aka buga wa akwatin ci gaban wancan yunƙuri ne na ɓoye abin da aka yi.

Da Mamie ta gama duba ɗanta, tun daga ƙafa har kai, Rayner ya tambaye ta abin da kowane mai sana'arsa zai tambaya: ko ya gyara fuskar? Wannan shi ne ƙwarewarsa, shi ne abin da ake biyansa ya yi, ya mayar da mamaci yadda masoyansa suka san shi. Ta ce a'a. Tana so duniya ta ga abin da ta gani. Ban da ɗan abin da ya zama dole, haka ya bar fuskar. Ya sa gawar a akwati mai murfin gilashi, aka maƙala hotunan yaron na lokacin da yake da rai a jikin murfin, don mai kallo ya ga biyun tare. Tun a daren farko mutane suka yi layi a ƙofar gidan Rayner, daga baya aka kai shi cocin Roberts Temple, inda dubban mutane suka yi ta wucewa har zuwa 6 ga Satumba da aka binne shi a maƙabartar Burr Oak. Wasu suna gani suke sumewa. Mujallar Jet ta buga hoton a fitowarta ta 15 ga Satumba, ya shiga gidajen baƙaƙen fata a duk faɗin ƙasar. An daɗe ana jin labarin irin wannan kisa a kudu. Wannan karon gani ya kori ji.

Kotu ba ta yi komai ba. A ranar 23 ga Satumba masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka wanke mutanen biyu bayan shawarar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba. Watanni kaɗan bayan haka su biyun suka sayar wa wata mujalla labarin yadda suka kashe shi, suna sane doka ba za ta sake gurfanar da su ba. Amma hoton ya riga ya yi aikinsa. A ƙarshen Nuwamba an yi taro a kan kisan Till a wani coci a Montgomery, Rosa Parks tana cikin masu sauraro. Ranar 1 ga Disamba ta ƙi tashi daga kujerarta a motar bas don farar fata ya zauna, aka kama ta, aka shiga ƙaurace wa motocin na tsawon kwana 381. Jaruntar ta Mamie ce, ba na rage mata komai. Sai dai tana buƙatar wani mai lasisi, mai gini, mai ƙofar da jama'a za su shiga, wanda zai yarda ya karya sharaɗin hukumar wata jiha. Kasancewarsa a jihar Illinois, inda Chicago take, nesa da hannun Mississippi, ya taimaka. Kasancewar babu farar fatar da ke riƙe da abincinsa ya fi taimakawa.

A shekarun gwagwarmayar da suka biyo baya, irin waɗannan gidaje sun zama kamar mafaka ga masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. A ɗakunansu ake taron sirri. Motocinsu sun yi jigilar mutane, wani lokaci a motar gawa ake fitar da wanda ake nema ruwa a jallo daga gari. Gaston ne ya biya belin jagoran fafutukar, Martin Luther King, a Birmingham a 1963, a otal ɗinsa King ya sauka, kuma a watan Mayun shekarar aka tayar da bam a otal ɗin. A Chicago kuma wani mai gidan jana'iza, A.R. Leak, shi ya jagoranci zanga-zanga a shekarun 1960 a kan maƙabartar Oak Woods da ke ƙin karɓar gawar baƙar fata. A 1987 a can aka binne Harold Washington, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Chicago, kuma gidan Rayner ne ya shirya shi.

Akwai wani dare da nake ajiye shi kusa da ranar Till a zuciyata. A ranar 4 ga Afrilu, 1968, aka harbe King a otal ɗin Lorraine a Memphis, harsashi ya farfasa masa muƙamuƙi. Aka kai gawarsa gidan R.S. Lewis da 'ya'yansa, wanda aka kafa tun 1914. 'Ya'yan gidan suka kwana suna aiki a kan fuskar, suna sake gina abin da harsashi ya rushe, har gari ya waye jama'a suka shigo suka ga King ɗin da suka sani kafin a wuce da shi Atlanta. A Chicago an bar fuska yadda azzalumai suka mayar da ita, a Memphis an kwana ana gyara ta. A duka biyun mai sana'ar ya karanta abin da iyali da al'umma suke buƙata a wannan sa'a, ya ajiye son nuna gwanintarsa ko ya fito da ita gaba ɗaya. Wannan karatun ba a makaranta ake koyonsa ba.

Ɗan Rayner, wanda aka fi sani da Sammy, ya yi aikin sojan sama a yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya shiga sana'ar gidansu, a 1967 kuma ya ci zaɓen kansila a matsayin ɗan adawa da masu riƙe da siyasar birnin. Da 'yan sanda suka kashe Fred Hampton, matashi ɗan shekara 21 shugaban ƙungiyar fafutukar baƙaƙe ta Black Panther a jihar Illinois, a kan gadonsa a ranar 4 ga Disamba, 1969, gidan Rayner aka kai gawarsa, kuma a can aka yi binciken gawa mai zaman kansa wanda ya ƙalubalanci bayanin hukuma.

Musulmi ma sun ratsa ta waɗannan gidaje. Da aka kashe Malcolm X a Fabrairun 1965, a wani gidan jana'iza na Harlem aka ajiye shi, kuma wani malami ɗan Sudan, Sheikh Ahmed Hassoun, shi ya yi masa wanka ya sa masa likkafani. Muhammad Ali kuwa gidan A.D. Porter da 'ya'yansa, wanda aka kafa a Louisville tun 1907, shi ya riƙe gawarsa a 2016 har aka sallace shi. 'Yan uwanmu mazauna Amurka sun san wannan hanya: takardar shaidar mutuwa, izinin binnewa, jigilar gawa, duk sukan bi ta hannun mai lasisi, saboda haka masallatai da yawa sukan ƙulla yarjejeniya da wani gidan jana'iza ya ba su ɗakin wanka da mota, su kuma su yi sauran yadda addini ya tanada.

Ba zan ɓoye ɗaya ɓangaren ba, domin yana da nauyi. Sana'ar da abokin cinikinta ke zuwa yana kuka sana'a ce mai sauƙin zalunci. A 1963 wata 'yar jarida, Jessica Mitford, ta fitar da littafin da ya tona yadda ake tura masu makoki su sayi akwati mai tsada, ana nuna musu cewa araha rashin ƙauna ne, ana kuma ce musu doka ta wajabta maganin hana ruɓewa alhali a mafi yawan lokuta ba ta wajabta ba. Sai a 1984 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idar da ta tilasta wa kowane gida ya ba da farashin kowane abu a rubuce, ya kuma faɗa ko ta waya aka tambaya. Inshorar binnewa ma ta zama tarko a hannun wasu manyan kamfanoni. Tsohuwa ta yi shekara talatin tana zubi har abin da ta biya ya ninka abin da za a ba magadanta, kuma ana cajin baƙaƙe fiye da farare a kan tsari iri ɗaya. A 2000 kamfanin American General ya amince ya biya dala miliyan 206 don kashe ƙarar da aka yi a kan haka. A 2023 matsakaicin kuɗin jana'iza da binnewa a Amurka ya kai dala 8,300, ban da kuɗin filin kabari. Ni dai har gobe ina ganin farin ƙyalle da makarar masallaci rahama ce da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Amma ba zan yi wa mutanen da suka ƙare rayuwarsu ana kiransu yaro, ana hana su ƙofar gaba, dariya ba don sun nace a ranarsu ta ƙarshe a sa musu kwat mai kyau, a kira su da cikakken suna, a jera musu motoci.

Abin da ke girgiza waɗannan gidaje yanzu ya zo ta fuska uku, kuma ta farko nasara ce da suka taya nema. Da wariya ta faɗi a doka, gidajen farare suka buɗe ƙofa suna neman kuɗin baƙaƙe, alhali farare ba su juyo zuwa gidajen baƙaƙe ba. Kasuwar da ta kasance tasu su kaɗai ta zama ta kowa. Ta biyu manyan kamfanoni ne. A 1962 Robert Waltrip, wanda shi ma gadon gidan jana'iza ya yi a Houston, ya kafa Service Corporation International, ya riƙa sayen ƙananan gidaje yana haɗa motocinsu da ɗakunan aikinsu wuri ɗaya don rage kashe kuɗi. Yau kamfanin yana da gidajen jana'iza kusan 1,500 a Amurka da Kanada. Abin lura shi ne idan suka sayi gida, yawanci ba sa sauke allon sunan iyalin, sau da yawa ma sukan riƙe ɗan gidan a matsayin manaja. Sun san abin da suka biya kuɗi a kai. Mai makoki zai shigo yana zaton yana hannun jikan mutumin da ya binne kakarsa, alhali farashin daga wani ofis mai nisa aka yanko shi. Kuma manajan da ke karɓar albashi ba zai iya cewa matar da ba ta da ko sisi ta je ta kawo a hankali ba, abin da tsofaffin masu gida suka saba yi.

Ta uku ita ce ƙona gawa. A 1960 ba a ƙona ko kashi 4 cikin ɗari na mamatan Amurka ba. A 2016 adadin ya haura rabi, yanzu yana wajen kashi 60. Baƙaƙen fata sun daɗe suna ƙyamar abin, amma tsada tana tura su. Inda babu akwati, babu kwanakin kallon gawa, babu jerin motoci, ribar gidan jana'iza ta ragu ƙwarai. Ga kuma 'ya'yan da yanzu ƙofar zama lauya ko likita ko injiniya ta buɗe musu, ba kowa ke son wayar ƙarfe ukun dare ba. Duk da haka mafi yawan gidajen jana'izar ƙasar har yau a hannun iyalai da ɗaiɗaikun mutane suke, kuma a annobar korona ta 2020, wadda ta yi wa unguwannin baƙaƙe mummunar ɓarna, su ne suka yi ta karɓar gawarwaki dare da rana, wasu daga cikin masu gidajen ma cutar ta tafi da su. Gidan Rayner yana nan a kan titi na 71 a kudancin Chicago, zuriyar mai gidan ce ke tafiyar da shi.

A 2004 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta sake buɗe binciken kisan Till, a 2005 aka tono gawarsa don a yi mata gwajin da ba a yi ba a 1955, aka tabbatar shi ne, aka mayar da shi ƙasa a sabon akwati. Tsohon akwatin mai murfin gilashi aka bar wa maƙabartar ta adana. A 2009, lokacin da asirin wasu ma'aikatan Burr Oak ya tonu cewa suna tone tsofaffin kaburbura suna sake sayar da filayen, masu bincike suka tarar da akwatin a wata rumfar ajiye tarkace, ya yi tsatsa, ƙyallen cikinsa ya yage, namun daji sun yi gida a ciki. Aka ɗauko shi aka mayar gidan Rayner, inda ya fito shekara 54 da suka wuce, daga can dangin Till suka miƙa shi ga gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington, wanda aka buɗe a 2016. An gyara shi an ajiye a wani ɗaki shi kaɗai. Ba a yarda a ɗauki hoto a ɗakin ba, mutane layi suke yi su wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya.